Takardar Baba Bato Ta Dawo da Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya Bartholomew Katung ya yi yana ce wa matarsa Lucy baɗi za su ɗaura aure a coci. Auren gargajiya kam an yi shi tun suna da jini a jika, an kai wa dangin amarya duk abin da suka yanka, har an haifi 'ya'ya biyar. Na cocin ne ya ƙi zuwa. Bana an yi masa canjin wurin aiki zuwa Gudi, baɗi kwat ɗinsa ta matse shi, baɗin baɗaɗa kuma wani kawu ya mutu a ƙauye. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a reluwe yana canza wa jirgi layi a mahaɗar Kafanchan, bai taɓa makara da minti ɗaya ba, amma a cikin gidansa ba a taɓa yin mai jan ƙafa irinsa ba.

A cocinsu na Katolika kuwa doka a fili take, wanda bai ɗaura aure a gaban Fada ba, wato limamin coci, ba ya karɓar jibin Ubangiji, tsattsarkar gurasar da ake ba masu ibada. Don haka kowace Lahadi, in mutane suka tashi layi layi zuwa gaba, sai Lucy ta kauda gwiwoyinta gefe su wuce. Ta saba da wannan kauda gwiwa har ba ta ko ɗaga ido. Shi Baba Bato, kamar yadda kowa ke kiransa, abin bai cika damunsa ba, don yana da nasa muƙamin. Shi ke buga guntun ƙarfen dogon da aka rataye a bishiyar mangwaro a maimakon ƙararrawa, kuma in yana bugawa ba ya ganin ko bishop ya fi shi.

A farkon shekarar 1991 cikin Lucy ya kumbura ta gefe guda. Likita ya duba, ya ce aiki za a yi mata a Jos, kuma kada a ɓata lokaci. Suna dawowa gida ta zauna a kan turmi ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa.

"Baban Patricia," ta ce, "ba na kwanta wa wuƙan kowa sai na ci jibi. In na tashi, to. In ban tashi ba, ka san abin da zan je in gaya wa Allah a kanka."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya tsorata shi. Kashegari da sassafe sai ga shi a ofishin Fada Jude.

Fada Jude ɗan Ibo ne, amma a barikin reluwe aka haife shi, ubansa direban jirgi ne, kuma Baba Bato ya san shi tun yana yawo ba wando. Ya yi murna ƙwarai. Ya buɗe kalanda ya sa yatsa a kan Asabar ɗin da Larabar Toka, ranar fara azumin Kirista, ke biye da ita, domin in azumi ya shiga ba sauran biki a coci sai bayan Ista, cikin Lucy kuwa ba zai jira Ista ba. Abu ɗaya kawai ya nema, shaidar baftisma. Katin Baba Bato ya ɓace tun gudun rikicin shekarar tamanin da bakwai, ranar da kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Fada ya ce ba komai, zai rubuta wa tsohuwar mishan ta can wajen Zonkwa su duba littafinsu. Baba Bato ya koma gida yana fito, ya ce wa Lucy ta kai atamfarta ɗinki.

Saura kwana tara amsa ta iso. Fada ya aika a kira shi, ya ce ya zauna tukuna, sannan ya miƙa masa takarda. Baba Bato ya riƙe ta nesa da fuska, don tabaraunsa na gida. An buga sunansa da na ubansa da tafireta, da shekarar 1941. A ƙasa kuma wani ya sa jan biro ya rubuta kalma guda da Turanci, doubtful, ya ja mata layi biyu.

"Baba," in ji Fada, "littafinsu ya nuna an yi wa Bartholomew ɗan Katung baftisma, wannan daidai ne. Amma a layi na gaba an rubuta ya mutu kashegari, an binne shi a makabartar mishan."

"Wa ya mutu?"

"Kai, in ji littafi."

Baba Bato ya dafa ƙirjinsa, ya dubi ƙafafunsa. "To wa ke buga maka ƙarfe kullum da safe?"

Fada ya so ya yi dariya, ya ga ba wurinta ba ne. Ya ce shi ya sa Fadan can ya rubuta abin da ya rubuta. Bai ce an yi baftisma ba, bai ce ba a yi ba, cewa ya yi akwai shakka.

"Dautful," in ji Baba Bato, yana gwada kalmar a bakinsa. "Ni ne dautful, ko ruwan, ko littafin?"

"Baftismar, Baba."

"Baftisma ya yi shekara hamsin a kai na bai yi dautful ba, sai yau?"

Fada ya yi masa bayani a tsanake, ya ce hanya biyu ce. Ko ya samo wanda ya ga an zuba masa ruwa da idonsa, ya dangwala yatsa a takardar shaida. Ko kuma a yi masa baftisma ta sharaɗi, wato Fada ya ce, in ba a yi maka ba, na yi maka yanzu. Minti biyar an gama, a ƙaramin ɗakin da Fada ke sa riga, ba wanda zai sani.

Ran Baba Bato ya ɓaci. Ba wanda zai sani a Kafanchan? Garin da in mutum ya yi atishawa a tasha za a yi masa sannu a kasuwa? Ya miƙe ya ce, "Fada, ranar da aka yi maka naka ina tsaye a wurin, ka yi wa Fadan fitsari. Yanzu kai za ka sunkuyar da ni ka zuba mini ruwa kamar jariri? Ba ni takardan shaida. Yaya na Mero yana nan da rai, shi ya san komai."

Da mutum mai hankali ne, da daga nan tasha zai wuce ya hau motar Zonkwa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Baba Bato bai yi haka ba. Ya ninke takardun biyu ya sa a aljihu, ya ce shi sai ya san ainihin abin da aka kira shi kafin ya ɗaga ƙafa.

Ya fara da 'yarsa Patricia, wadda ke karatun malanta a kwalejin Gidan Waya. Ranar Lahadi da ta zo gida ya sa ta ɗauko ƙamus. Ta lashi yatsa ta yi ta buɗawa, sannan ta ce kalmar na nufin abin da ba a tabbatar ba. Ya gyaɗa kai, wannan ya yi daidai da na Fada. Ta ce kuma ana faɗarta a kan abin da da wuya ya faru, kamar a ce zuwan jirgin Fatakwal a kan lokaci. Nan ya ɗan gyara zama. Ta ƙara bin layi da yatsa, ta ce akwai kuma mutumin da ba a yarda da halinsa ba.

"Tsaya. Duk a cikin kalma ɗaya?"

"E, Baba. Ya danganta da inda aka sa shi."

"To a ina aka sa nawa?"

Patricia ta sake duba takardar. Ta ce ai kalmar ita kaɗai take tsaye, ba komai gabanta ba komai bayanta, amma tana ganin ta farkon ake nufi. Ya ce ba gani ya tambaye ta ba. Ya ce shekara uku tana cin shinkafar kwaleji, kalma ɗaya ta gagare ta, ya karɓe takardarsa. Kansa ya fi ɗaurewa fiye da kafin a buɗe ƙamus ɗin, domin da shakka ɗaya yake da ita, yanzu ta haihu.

Ranar Litinin ya tafi shagon abokinsa Onyedikachi, mai sayar da kayan keke a bakin kasuwa, wanda ya taɓa zama kuku a gidan wani Bature. Onyedikachi ya karanta, ya tsuke baki, ya kaɗa kai.

"Oga Bato, ni na san Bature ciki da waje. Bature ba ya ce maka ka yi ƙarya, haba. Zai yi murmushi ya ce dautful. In madam ya ce lissafin kasuwa na dautful ne, na san in fara ɗaure kaya na."

"Wanda ya rubuta ba Bature ba ne."

"Turancin fa na wa?"

Wannan amsa ta shige shi. Ya fito yana huci, ya bi ta gefen layin dogo don kada ya haɗu da kowa. A can ya ga tsofaffin taragu uku a ajiye a layin gefe, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ya tuna mai duba taragu yakan zo da guduma ya ƙwanƙwasa ƙafa, in sautin bai gamsar da shi ba sai ya yi alama da alli, a tura taragon gefe. Ba a ce ya lalace ba, ba a kuma bar shi ya bi jirgi ba. Shi da hannunsa ya sha canza layi ya tura irinsu, bai taɓa komawa ya ga abin da ya same su ba. Ya daɗe a tsaye a wurin.

Gaskiyar magana, ba ma'anar kalmar ce ta hana shi tafiya ƙauye ba. Tsoro yake ji. Ya san yana da wa mai suna Didam da ya mutu suna yara. Ya san a gida Zamani ake kiransa, sunan Bartholomew sai ranar da aka kai shi makarantar mishan ya fara jin sa, da wani kati a hannun ubansa. Bai taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba, kuma ba ya so ya haɗa. Sai ya ci gaba da yawo da takarda, ya nuna wa wani tsohon hedimasta, ya nuna wa akawun kotu, kowa ya ƙara masa tasa.

Lucy tana ganinsa, ta ci gaba da shirinta. Tela ya kawo ɗinki ta gwada, rigar ta ƙi rufuwa a gefen kumburin, ta zauna ta farke ta ƙara da hannunta. Ranar Laraba da rana ya shigo ya same ta durƙushe a bakin murhu, ta dafa bango, gumi na ɗiga daga haɓarta, tuwo na ƙonewa a tukunya. Ya ruga ya kama ta.

"Bari, zai wuce," ta ce. Da ya lafa ta ɗago ta dube shi. "Ka gama koyon Turanci? Saura kwana uku fa."

Kunya ta rufe shi. Alhamis da safe, bayan ya buga ƙarfe, ya ari ɗan akwatin tawadar dangwale a ofishin coci ya hau ƙaramar bas zuwa Zonkwa. Daga can ɗan acaɓa ya kai shi ƙauyensu.

Ya sami Mero a tsakar gida a kan tabarma, tana tsaga citta da ƙaramar wuƙa tana watsawa a rana. Ita ce babbar yayarsa, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari, amma bakinta na nan yadda ya san shi.

"Zamani, wa ya mutu?" ta ce da yaren gida. "Kai dai ba ka zuwa sai da gawa."

"Ni ne, Yaya. Haka aka rubuta."

Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata, ya nuna mata jan biron, ko da yake ba ta karatu. Ya ce abin da yake so kaɗan ne, ta dangwala yatsa a nan, ta shaida cewa shi aka zuba wa ruwa. Mero ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a zaninta, kaji suka fara tsattsagar cittar bai ga ta kore su ba.

"Shekarar ƙyanda ce," ta ce. "Da damina. Yara suna ta mutuwa a garin nan. Kai da Didam kuna kwance a tabarma ɗaya, shekara guda ce tsakaninku, an aske muku kai, fuskokinku sun kumbura, ko uwarmu sai ta duba da kyau. Katikis, malamin nan na mishan, ya zo a kan keke, hadari ya haɗu, kuma gida bakwai ke jiransa. Ya ce shi ba Fada ba ne, ba a ba shi izinin zuba ruwa ba sai ga wanda zai mutu. Baba ya tafi neman magani. Mama tana bayan ɗaki tana kuka, ta ce ba za ta iya kallo ba. Ni na riƙe masa ƙwarya. Ya duba ku biyu, ya zaɓi ɗaya, ya zuba, ya ce Bartholomew, wai ranar waliyyin ce. Ya rubuta a takardarsa ya hau keke."

"Wa ya zaɓa?"

"Bari in gama. Kashegari Didam ya tafi. Mama ta je ta gaya wa katikis ai wanda ya zuba wa ruwa ne ya mutu, aka ba shi wuri a makabartar mishan, aka yi masa addu'a. Abin da ta riƙe ke nan ta rayu, cewa ɗanta yana wurin Allah. Bayan shekara biyu aka ce masu katin baftisma za a fara ɗauka a makaranta. Baba ya zaro katin daga jinka ya ce ai kai aka zuba wa, shi ya sa ka tashi. Ya kama hannunka ya kai ka. Har suka mutu suna wannan musu, kuma ba wanda ke cikin ɗakin a cikinsu."

"Amma ke kina ciki."

"Ina ciki."

"Ba su tambaye ki ba?"

Mero ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mama ta ja ni bayan rumbu ta ce in na faɗa ba ta yafe mini nononta ba. Baba ma ya ja ni bayan rumbun nan ya ce kada ya ji bakina. Kowannensu tsoron abin da zan faɗa yake yi."

Baba Bato ya zo neman amsa ɗaya tak, e ko a'a, ga kuma mai amsar a gabansa, tana da ita a baki. Ya matsa kusa ya ce iyayen nasu duka biyu sun mutu, ba sauran wanda zai ji, kuma matarsa na can da ciwo tana jira. Ya roƙe ta don Allah.

"In na ce kai ne," in ji Mero, "to Didam ya yi shekara hamsin kwance a ƙasar mishan ba ruwa a kansa, na ɗauke shi ke nan daga inda uwarmu ta ajiye shi. In na ce shi ne, kai ka tashi da sunan wani, ka ci jibi da ƙuruciya da sunan wani, ubanmu ya yi wa Fada ƙarya. Ruwa ɗaya ne, Zamani, ku kuma ku biyu ne. Muddin bakina na rufe, kowannenku yana da shi. Ranar da na buɗe, ɗaya zai rasa."

Ta miƙo masa hannunta na dama. "Amma ciwon Lucy ba wasa ba ne. Ga yatsa. Ba zan ce komai ba, ba zan kuma janye ba. In kana so ka kama ka dangwala da kanka."

Ya buɗe akwatin tawadar. Ya shimfiɗa takardar a kan gwiwarsa, ya kama babban yatsanta. Yatsan ya tsattsage, yana ƙamshin citta. Abin ba wuya, a danna nan, a danna can, jan biro ya mutu, ba mai sunkuyar da shi a gaban yaron da ya sani ba wando. Ya yi ƙoƙari ya tuna fuskar Didam, ya kasa. Abin da ya tuna kawai shi ne Didam ne ke goya shi in za su haye rafi, ƙafafunsa na karkarwa don shi ma bai fi shi girma ba da yawa. Yaro ɗan shekara bakwai da bai bar komai a duniya ba sai layi biyu a littafi, shi kuma ya riga ya ci sunan, ya ci katin, ya ci makarantar, ya ci aikin reluwe har da fansho. Tausayi ya kama shi, da kunyar da ta fi ta jiya.

Ya saki yatsan a hankali ya rufe akwatin. Mero ta ɗauki wuƙarta ta kori kaji, ta ce in ranar Asabar ce a aiko mata da acaɓa da wuri, ƙafarta ba ta kai ta titi.

Juma'a da safe ya shiga ofishin Fada ya ajiye takardar shaida yadda aka ba shi, fara fes. Ya ba shi labarin a gajarce. Fada Jude ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Fada, wannan na sharaɗi. In ka yi, ka ce ke nan na farkon ba nawa ba ne?"

"A'a, Baba."

"To ka ce nawa ne?"

"Shi ma ban ce ba. Ban sani ba, shi ya sa zan fara da in. In an yi maka, ruwan nawa wanka ne kawai. In ba a yi ba, ya zama baftisma. Allah ya san wanne ne."

"Dautful ɗin fa? Za a goge?"

"Zai zauna a littafinsu yadda yake."

Har yanzu Baba Bato bai gane yadda ruwa ɗaya zai zama wanka ko baftisma ba tare da mai zubawa ya sani ba, kuma ya tabbata ko Patricia ta kawo ƙamus goma ba zai gane ba. Amma ya lura da abu guda, wanda ya riƙe jan biron nan bai san Mero ba, bai san Didam ba, ya kuwa yi daidai abin da Mero ta shekara hamsin tana yi.

"A bar shi," ya ce. "Kada kowa ya taɓa."

Rana ba ta ƙarya. Asabar da ƙarfe takwas suka shiga ƙaramin ɗakin, shi da Fada da Lucy da Patricia mai riƙe da tawul, sai Mero da aka ɗauko tun da sanyin safiya. Batun ba wanda zai sani kuwa, matan ƙungiyar zumunta ta coci huɗu ne a jikin taga, suna yi kamar shara suke yi. Baba Bato ya cire kwat, ya sunkuya a kan kwano. Kafin Fada ya ɗaga butar, Baba Bato ya saci kallon yayarsa, yana fatan ko fuskarta za ta faɗi abin da bakinta ya ƙi. Mero ta san ƙanenta. Ta riga ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Bartholomew, in ba a yi maka baftisma ba, ina yi maka baftisma da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki."

Ruwan ya bi ta ƙeyarsa ya gangara cikin wuyan riga. Ya rufe ido ya jira ko jikinsa zai tuna ya taɓa jin irin wannan sanyi. Bai tuna komai ba, sanyi dai ya ji. Hawaye suka zubo masa, bai san ko na kansa yake yi ko na Didam ba, Patricia ta haɗa duka ta goge da tawul.

Da ƙarfe goma aka ɗaura aure. Wani ne ya buga ƙarfe a ranar, kuma a ganin ango bai iya ba. Lucy ta amsa duk abin da aka tambaye ta da ƙarfi, hannunta ɗaya a dafe da gefen cikinta. Aka zaunar da su a kujerun gaba, inda ba ta taɓa zama ba. Da lokacin jibi ya yi, Fada ya ɗauko ƙoƙon ya juyo ya tsaya, coci ta yi tsit, domin amarya da ango ne ke fara karɓa.

Lucy ta dafa kujera ta miƙe a hankali. Ta yi taku ɗaya, ta ga ita kaɗai ce. Ta waiwaya. Baba Bato na zaune, kansa da sauran danshi, ya ƙura wa ƙasa ido yana ta lissafin ko wannan ne jibinsa na farko ko kuwa ci gaba yake yi daga inda ya tsaya, in kuma na farko ne, wa ya ci waɗancan na ƙuruciya. Ta dawo ta kama hannun kwat ɗinsa.

"Baban Patricia," ta ce ƙasa ƙasa, "na jira shekara talatin da ɗaya. Ko kai wane ne, taso mu je."